Ɗan kwangila ya ce cikin shekara biyu zai zuƙe TCE daga ƙarƙashin masana'antarmu: in sa hannu?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah da aka ɗora wa kula da wata tsohuwar masana'antar ƙera kayan ƙarfe. Ya ce an yi shekara da shekaru ana wanke maiƙon ƙarafa a wurin da sinadarin tirikuloro'etilin, wanda aka fi sani da TCE. Kwanan baya aka gwada ruwan wata rijiya da ke jikin katangar masana'antar, aka samu TCE maikurogiram 14,000 a kowace lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Akwai gidaje a gangaren wurin da ke shan ruwan rijiya. Wani ɗan kwangila ya kawo takarda cewa zai haƙa rijiyoyi huɗu masu zurfi, ya yi ta zuƙo ruwan yana tacewa, shekara biyu an gama. Yana tambaya ko ya amince.

Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma shawarata ita ce kada ka sa hannu a takardar nan yadda take. Ban ce ɗan kwangilar mayaudari ne ba. Abin da ya rubuta maka shi ne abin da manyan injiniyoyi suka yarda da shi shekaru arba'in da suka wuce, suka gwada a ɗaruruwan wurare, suka sha wuya. Babu dalilin da zai sa ka faɗa ramin da na gabanka suka faɗa suka fito suna nuna inda yake. Zan zo kan takardar, amma akwai abin da ya fi ta gaggawa.

Mutanen da ke gangare su ne aikin wannan makon. A Amurka iyakar da doka ta yarda a samu na TCE a ruwan sha ita ce maikurogiram 5 a lita. Abin da ka samu a jikin katanga ya ninka wannan sau 2,800. A shekarar 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya TCE cikin rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan'adam kansa, musamman ta ƙoda. Abin tsoron shi ne, ruwa zai iya ɗauke da ninkin ba ninkin na abin da aka halatta amma ya fito garau, ba wari ba ɗanɗano. A sansanin sojan ruwa na Camp Lejeune a jihar North Carolina, sojoji da iyalansu sun sha gurɓataccen ruwa daga 1953 zuwa 1987, kuma a 1982 an auna TCE maikurogiram 1,400 a lita a ruwan famfon wurin. A garin Woburn na jihar Massachusetts sai a watan Mayun 1979 aka rufe rijiyoyin gari biyu, bayan iyaye sun daɗe suna lura da yawan kansar jini a tsakanin yaransu. A duka wuraren biyu, abin da ya cuci mutane shi ne tsawon lokacin da suka yi suna sha ba su sani ba.

Saboda haka a gwada kowace rijiya da ke gangare, a kuma samar wa mutane wani ruwan kafin sakamako ya fito, ba bayan ya fito ba. A faɗa musu gaskiya da bakin da za su gane. Kada a ce musu su tafasa ruwan su sha: TCE na tashi cikin iska da sauƙi, tafasa shi a cikin ɗaki mayar da shi ne daga tukunya zuwa huhu. Haka wanka da ruwan zafi a rufaffen banɗaki. Idan dole sai an ci gaba da amfani da rijiyar, matatar gawayi na musamman da aka sarrafa don tsotse sinadarai tana kama shi sosai, amma a jera tanki biyu, ɗaya bayan ɗaya, a riƙa gwada ruwan da ke tsakaninsu, don a san ranar da na farko ya ƙoshi. Sannan a auna iskar cikin ɗakunan da ke saman gurɓataccen ruwan. Turirin sinadarin na biyo ƙasa ya shigo ta tsagar daɓe da bakin bututu, kamar yadda ya faru a garin Endicott na jihar New York, inda aka sanya wa ɗaruruwan gine-gine fankar zuƙe iska daga ƙarƙashin daɓe. Gidan da ke da mai juna biyu a fara da shi.

Ka tsaya da kanka ka ga yadda ake ɗibar samfurin. 'Yar kwalba ce mai cin mililita 40, ana cika ta a hankali har ruwan ya yi tudu a baki, a rufe, a kifa ta a ɗan ƙwanƙwasa. In ka ga ko ƙwayar kumfa guda ta taso, a zubar a sake. Wannan 'yar iskar ta isa sinadarin ya gudu cikinta, ɗakin gwaji ya ba ka adadin da bai kai na gaskiya ba. A sa kwalaben a ƙanƙara, su isa ɗakin gwaji cikin kwanaki kaɗan. Na sha ganin an kwantar wa mutane hankali da sakamakon ruwan da aka ɗiba a buɗaɗɗiyar roba ya wuni a bayan mota, kuma hakan na ɓata min rai fiye da rashin yin gwajin ma.

Yanzu mu zo kan dalilin da ya sa shirin shekara biyu ba zai yi ba. Sai ka fara sanin halin abin da kake faɗa da shi. In fetur ko gas ya zube ya kai ruwan ƙarƙashin ƙasa, sama yake tsayawa, ka san inda za ka neme shi. TCE ya fi ruwa nauyi: lita ɗaya tana da nauyin kilo 1.46, ɗan'uwansa PCE da masu wankin tufa ba da ruwa ba suke amfani da shi kuwa 1.62. Ga shi ya fi ruwa tsinkewa. In ya zube sai ya ratsa busasshiyar ƙasa, ya isa ruwa, ya ci gaba da nutsewa. Ba ya sauka a miƙe. Ya tarar da siririn shimfiɗin laka sai ya bazu a kansa, ya gangara inda shimfiɗin ya karkata, ko da kuwa ruwan ƙasa wani ɓangaren ya nufa, har ya samu tsaga ya sake yin ƙasa. Duk inda ya bi yana barin ɗigo-ɗigo maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashi, inda ya tsaya kuma ya kwanta ya zama ɗan tafki mai kaurin yatsa ko tafin hannu. A rahotanni za ka ga ana kiran irin wannan tsantsar sinadari, mai nauyin da ya fi na ruwa kuma ba ya gauraya da shi, DNAPL. Wani masani Bajamushe, Friedrich Schwille, shi ya fara nuna wannan tafiya ƙuru-ƙuru, ta hanyar zuba sinadarin da aka rina a manyan akwatunan gilashi cike da yashi. Aikinsa bai yaɗu sosai ba sai da aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1988.

Waɗannan ɗigo da tafkuna su ne tushen ciwon. Ruwan ƙasa na wucewa ta jikinsu a hankali, yana lasar kaɗan yana tafiya da shi, ya ja doguwar jela ta gurɓataccen ruwa da kan kai kilomita ɗaya ko fiye. TCE ba ya narkewa da yawa, kusan giram 1.1 ne a lita, shi ya sa tushen ke daɗewa. Amma wannan kaɗan ɗin ya ninka iyakar ruwan sha sau dubu ɗari biyu da wani abu. Ka yi lissafin da kanka: lita ɗaya ta TCE, in aka raba ta daidai, ta isa ta kai lita miliyan 290 na ruwa bakin iyakar nan ta maikurogiram 5. To ka tuna durom nawa aka yi amfani da su a masana'antarku. Ka kuma tuna cewa a shekarun baya wasu takardun jagora na masana'antu da kansu suke cewa a zuba ragowar sinadarin a busasshiyar ƙasa a bar shi ya ƙafe. Kaɗan ne ke ƙafewa, sauran ya yi ƙasa.

Akwai ma'aunin da muke amfani da shi tun farkon shekarun 1990: in abin da aka samu a ruwa ya haura kashi 1 cikin 100 na iyakar narkewar sinadarin, to a ɗauka akwai tsantsarsa kwance a kusa. Ga TCE wannan ya kama maikurogiram 11,000. Kai ka samu 14,000. Ruwa ba ya tsami banza. Ina da yaƙinin akwai tsantsar sinadari a ƙarƙashin masana'antarku, kuma takardar ɗan kwangilar, yadda ka kawo min ita, ko ambatonsa ba ta yi ba.

Famfo ruwa yake ja, ba ya tumɓuko ɗigon da ya maƙale a cikin yashi. Za ka ga adadin ya sauka da sauri a watannin farko, kowa ya yi murna. Daga nan sai ya tsaya cak a wani mataki da ya fi iyakar doka nesa ba kusa ba, ya yi shekaru bai motsa ba. Ka kashe injin wata uku, ya sake hawa. A 1994 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta duba wurare 77 da ake wannan aiki na zuƙowa da tacewa, ta samu guda 8 ne kawai aka ce sun kai inda ake so. Sara ne ake yi wa maciji a jela, kansa na nan.

Ko an cire tushen ma, akwai abu na biyu da ya daɗe yana ba mu mamaki kafin a gane shi. Ka san jarkar roba da ta taɓa ɗaukar kananzir? Ka wanke ta sau goma, ka zuba ruwa mai kyau ya kwana, da safe ka ji warin ya dawo, domin robar ta sha. Laka haka take. Shekaru talatin ko arba'in gurɓataccen ruwa na gogar shimfiɗun laka, sinadarin na kutsawa cikinsu sannu a hankali. Ranar da ruwan cikin yashi ya tsarkaka, sai lakar ta fara amayo abin da ta sha, kuma fitowar ta fi shigar daɗewa. An ga wannan a fili a wata masana'anta a jihar Connecticut, inda a 1994 aka kewaye tushen TCE da katangar ƙarfe har ƙasa. Adadin da ke gangare ya sauka sosai, sannan ya tsaya, saboda lakar da ke ƙarƙashin yashin tana ciyar da jelar. Lissafin Steven Chapman da Beth Parker, waɗanda suka bincika wurin, ya nuna zai iya ɗaukar ƙarnoni kafin ya sauko iyakar ruwan sha. Duk wanda ya yi maka alkawarin shekara biyu bai sa wannan a lissafi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a takardar shi ne kalmar "masu zurfi". A farkon aikina na tsaya a wani wuri inda aka riga aka haƙa rijiyar bincike a tsakiyar inda ake wanke ƙarafa. Masu haƙar sun huda shimfiɗin laka mai kauri da ke riƙe da sinadarin, ba su sa bututun kariya sun toshe da siminti kafin su wuce ba. Ruwan da ke ƙasa da lakar, wanda shi ne mai kyau, shi ake sha, cikin 'yan watanni ya fara nuna TCE. Abin da laka ta tsare shekaru ashirin, haƙar yini biyu ta sake shi. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga ranar ban yarda a kafa injin haƙa a tsakiyar tushe ba sai an san shimfiɗun ƙasar wurin. Ana farawa ne daga gefe a matso ciki, daga sama a yi ƙasa, in an taɓa laka a tsaya.

Don haka kuɗin farko ba na famfo ba ne, na bincike ne, kuma bincike mafi araha shi ne hira. Nemo tsofaffin ma'aikatan wurin, waɗanda suka yi ritaya, ka zauna da su cikin girmamawa, ka tabbatar musu ba laifi ake nema a ɗora wa kowa ba. Su suka san inda tankin wanke ƙarfe yake kafin a canza masa wuri, da ƙofar bayan da ake watsa ragowar, da magudanar da ta taɓa fashewa, da lungun da ake jibge durom. Wani dattijo ya taɓa kai ni bayan wani ɗakin ajiya ya nuna min da sandarsa, ya ce nan ciyawa ba ta taɓa fitowa ba. Abin da injina suka yi makonni suna nema, a nan muka same shi. Bayan hira sai tsofaffin taswirorin ginin da hotunan sama, sannan a auna iskar cikin ƙasa a wurare da yawa, domin turirin na tona asirin inda sinadarin yake.

Daga nan a ciro ƙasar kanta a cikin dogayen bututu, a tsaga a duba taki bayan taki. Akwai wani gwaji mai sauƙi da nake so ƙwarai: ka ɗebi ƙasa cokali biyu ka zuba a kwalba, ka ƙara ruwa da ɗan garin wani rini da ba ya narkewa a ruwa sai a mai, ka girgiza. In ƙasar ba tsantsar sinadari, garin zai yi ta yawo bai canza komai ba. In akwai, sai ka ga jajayen ɗigo sun bayyana a jikin kwalbar kamar jini. Sau da yawa za ka samu jan a wani siririn layi, ka matsa sama ko ƙasa da tsawon yatsa biyu ka samu babu komai. Shi ya sa rijiya mai doguwar taga, wadda ke haɗa ruwan sama da na ƙasa, take ɓoye gaskiya. Wani bincike na masanan Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2005 ya nuna kashi 75 cikin 100 na sinadarin da ke tafiya a jela yana bi ne ta kashi 5 zuwa 10 kacal na faɗinta. In ba ka gano waɗannan 'yan hanyoyin ba, maganinka a banza zai zube. A kuma roƙi ɗakin gwaji ya nemi sinadarin 1,4-dayokzen, wanda ake haɗawa da wani mai wanke maiƙon da ake kira TCA. Dayokzen ɗin ya fi TCE gudu a ruwa, gawayi ba ya riƙe shi sosai, kuma an sha gina matata a gama sannan a gano yana wucewa.

In an san inda tushen yake, sai a zaɓi makami. In bai yi zurfi ba kuma ba gini a kansa, babu abin da ya kai haƙewa a kwashe, muddin an san inda za a kai ƙasar kuma an kare ma'aikata daga turirin. Abin da ke busasshiyar ƙasa sama da ruwa, zuƙe iska na maganinsa: a kafa bututu, injin ya yi ta jan iskar ƙasa ana bi da ita ta gawayi. A yashi yana aiki da kyau, a laka mai danshi ba ya tasiri.

Inda tushen ke cikin laka ko ƙarƙashin gini, zafi ne ya fi ƙarfi. Ana kafa sandunan ƙarfe a ƙasa a saki wutar lantarki a tsakaninsu, ko a sa na'urorin dumama a cikin rijiyoyi, ko a tura tururi. TCE shi kaɗai yana tafasa a digiri 87 na ma'aunin Salsiyas, amma in yana haɗe da ruwa tun a digiri 73 suke tafasa tare. PCE da ke buƙatar 121, tare da ruwa a 88 yake tashi. Cikin watanni ana iya fitar da mafi yawan abin da famfo zai yi shekaru gommai bai taɓa ba. Yana cin wuta da kuɗi ƙwarai, kuma dole tarkon kama turirin ya fi ƙarfin abin da ake tayarwa, in ba haka ba ka kora shi ne zuwa maƙwabta. A ƙaramin tushe mai yawan sinadari kawai nake ba da shawararsa, shi ya sa sanin iyakar tushen ke rage kuɗi sosai.

Akwai kuma allurar sinadarai masu ƙone shi a inda yake, irin su famanganet da fasalfet. Famanganet launin shunayya gare shi, kana iya ganin inda ya kai a cikin ƙasar da aka ciro. Yana kashe TCE nan take in sun haɗu. Matsalar ita ce haɗuwar. Maganin na bin yashi mai sauƙin bi, ya kauce wa laka, kuma ƙasar kanta na cinye mafi yawansa. Sakamakon wata na farko kan yi kyau har a yi shelar nasara, bayan wata shida a ga tsugune ba ta ƙare ba. In za a yi, a shirya zagaye uku ko fiye tun farko.

Hanyar da na fi ƙauna, kuma wadda nake ganin za ta dace da jelarku in ƙasar ta yarda, ita ce ta ƙwayoyin bakteriya. Akwai wasu da ke rayuwa inda babu iskar oksijin, suna numfashi da waɗannan sinadarai kamar yadda muke numfashi da iska. PCE na da ƙwayar kulorin huɗu. Su cire ɗaya ya zama TCE mai uku, su cire wata ya zama DCE mai biyu, sannan binil kuloraid mai ɗaya, a ƙarshe etin, iskar da ba ta da illa, wadda 'ya'yan itace ma ke fitarwa in za su nuna. A 1997 masu bincike a Jami'ar Cornell suka ware ƙwayar da ke iya kai wannan tafiya har ƙarshe, Dehalococcoides, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Perry McCarty na Jami'ar Stanford don girmama shi. Aikinmu shi ne mu ciyar da su: a tura laktet, ko ruwan sukari, ko man waken soya da aka dama da ruwa. Sauran ƙwayoyin ƙasa su ci, su ƙarar da oksijin, su saki haidurojin, su kuma waɗannan su samu abin aiki.

Amma a nan akwai tarko, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Ƙwayoyi iri-iri na iya matakai biyun farko, na ƙarshen kuwa galibi sai Dehalococcoides, kuma ba kowace ƙasa ke da ita ba. In babu ita, aikin sai ya tsaya a DCE ko binil kuloraid. Binil kuloraid ya fi TCE haɗari, yana jawo kansar hanta, iyakarsa a ruwan sha maikurogiram 2 ne, kuma ya fi saurin tafiya. Wato za ka iya kashe kuɗi ka mayar da mugu mafi muni, rahoto kuma ya nuna maka TCE ya ragu. Shi ya sa ake gwajin DNA a ruwan kafin a fara, in babu ƙwayar a sayo wadda aka raina a zuba, kamar haɗin KB-1 da Elizabeth Edwards ta samar a Jami'ar Toronto. A kula kada ruwan ya yi tsami, domin in ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 6 ƙwayar na yin sanyi. A kuma sa ido kan iskar methen da ke taruwa ƙarƙashin gini, da ƙarfe da asenik da kan narke su shiga ruwa in oksijin ya ƙare. Duk rahoton da ya nuna maka TCE kaɗai, ka mayar da shi ka ce a kawo maka duka jerin har etin. Ranar da na fara ganin etin ya bayyana a sakamakon wata rijiya bayan wata takwas muna jira, na san aikin ya kama, kuma har yau ina tuna daɗin da na ji.

Don tare jelar kafin ta kai gidaje, akwai katangar garin ƙarfe. An gano ta ne a Waterloo lokacin da ake gwada irin bututun da ya dace da rijiyoyin sa ido, aka lura sinadaran na ɓacewa a ruwan da ya taɓa ƙarfe. Robert Gillham, masani a jami'ar, ya bi diddigin abin, a 1991 aka gwada a sansanin sojan Borden na Kanada, ya cire kusan kashi 90 cikin 100 na TCE shekaru biyar a jere. Ana haƙa dogon rami a gicciye kan hanyar ruwan, a cika da ɓarɓashin ƙarfe, ruwa ya ratsa da kansa, ƙarfen na tsatsa yana ƙwace kulorin. Wadda aka gina a garin Elizabeth City na jihar North Carolina a 1996 tsawonta mita 46, zurfinta ya ɗan haura mita 7, kaurinta bai fi santimita 60 ba. Ba ta son wuta, ba ta son mai gadi. Sharaɗinta shi ne gindinta ya shiga laka, fikafikanta su wuce faɗin jelar, in ba haka ba ruwan ya zagaye.

Famfon ɗan kwangilar ma yana da gurbi, kada ka jefar da shi gaba ɗaya. A matsayin shinge da ke hana jela ci gaba yana aiki sosai, kuma ana iya kafa shi da wuri. Rijiyoyi marasa zurfi a bakin iyakar filinku, ana tace ruwan ta hasumiyar iska da gawayi, za su iya sayo muku lokaci. A kira shi da sunansa kawai: tsarewa ne, ba warkarwa ba, kuma kuɗin wuta da gyara zai ci gaba shekaru masu yawa. Ƙarshen jela inda adadin ya yi ƙasa, wani lokaci akan bar ƙasa ta ƙarasa da kanta ana sa ido, amma sai an nuna da awo na shekaru cewa jelar na ja da baya.

Game da lokaci, gara ka ji daga bakina yanzu. Raba mutane da gubar aikin makonni ne. Tsayar da jela, shekara ɗaya zuwa biyu. Rage tushen da kashi 90 ko 99 cikin 100 abu ne mai yiwuwa cikin 'yan shekaru. Amma ka lura, ko ka cire kashi 99 daga 14,000, saura 140, wato ninki 28 na iyakar ruwan sha. Mayar da kowane lungu na ruwan ƙasar ya zama abin sha na iya wuce tsawon aikinka da nawa. A 2013 majalisar binciken nan ta Amurka ta ƙiyasta akwai aƙalla wurare 126,000 a ƙasar da ba a gama tsabtace su ba, kusan kashi 10 cikin 100 nasu kuma ba a sa ran kammala su cikin shekaru 50 zuwa 100. Ƙasar da ta kafa dokar Superfund, ta tsabtace gurɓatattun wurare, tun 1980 ke nan. Ban faɗi wannan don in karya maka gwiwa ba. Rage tushe na gajarta jela, yana rage turirin da ke shiga ɗakuna, yana rage shekarun da za a yi ana biyan kuɗin famfo, kuma duk wannan riba ce ta gaske ga mutanen da ke zaune a wurin.

Ka koma wa ɗan kwangilar da tambayoyi, cikin mutunci. Ina yake ganin tsantsar sinadarin take, kuma me ya gani da ya sa ya ce haka? Wane shimfiɗin laka ne a ƙarƙashin wurin, ta yaya zai haƙa bai huda shi ba? Ina zai kai ruwan da ya tace, da gawayin da ya ƙoshi? In ya ce an gama, zai yarda a kashe injina shekara guda ana awo kowane wata uku kafin a biya shi kason ƙarshe? Wanda ya san aikin zai ji daɗin tambayoyin nan, zai ma ce a raba kwangilar biyu, bincike daban, gyara daban. Ka sanar da hukumar kula da muhalli da ke da iko a wurinku tun yanzu, kada su ji a bakin wasu. In har yanzu ana amfani da TCE a masana'antar, a duba tanki da magudanai a toshe duk inda ke yoyo, a fara shirin komawa wankin ƙarfe da sabulun ruwa mai zafi ko wani abin da bai kai shi illa ba. In sakamakon rijiyoyin gidajen ya fito, ka turo min tare da bayanin shimfiɗun ƙasar da aka samu lokacin haƙa rijiyar jikin katanga, da zurfin da ruwa yake tsayawa a cikinta, mu duba tare inda ya kamata a fara huda ƙasa.